Ruwan Tibiri da Gwajin da Bai Kamata a Jinkirta Ba

Idan ruwa ya zubo garau daga bakin famfo, ba wari ba laka, mai ɗiba ba ya neman wata shaida. Haka mutanen Tibiri, garin Sarkin Gobir da ke dab da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, suka karɓi ruwan da kamfanin ruwa na gwamnati ya fara tura musu daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi a 1985. Mata sun huta da jan guga, randuna sun cika. Sannu a hankali yaran da suka tashi da wannan ruwa suka fara fitar da haƙora masu dabbare-dabbare, ja kamar na dattijon da ya shekara yana cin goro. Wasu abin bai tsaya a baki ba, ya kama ƙashi: ƙafafu suka lanƙwashe, gaɓoɓi suka sandare, yaro ya kasa tafiya makaranta da ƙafarsa. Sai wajen shekarar 2000 maganar ta fito fili, cewa ruwan na ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 1.5 cikin kowace lita, na Tibiri kuwa ya ninka haka fiye da sau uku. Ɗaruruwan yara sun nakasa, kuma a 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan lamarin.

Ba wanda ya zuba guba a wannan rijiya. Fuloraid daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkewa ya shiga ruwa, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Yawansa ne ke cutarwa, musamman ga yaron da ƙashinsa bai gama ƙwari ba. An ce ruwa ba ya tsami banza, to wannan ko tsamin ba ya yi, ba launi ba ɗanɗano, don haka duk dabarun da uwa ta sani ba su kama shi. Tacewa da ƙyalle laka take riƙewa. Kulorin ƙwayoyin cuta yake kashewa. Tafasawa ma ƙara masa ƙarfi take yi, domin ruwan ne ke tafiya a tururi, sinadarin ya zauna a tukunya. Abu ɗaya ne ke tona shi, a ɗebi ruwan a kwalba a kai ɗakin gwaji. Shekara goma sha biyar ana sha ba a ɗauki mataki ba, wannan kaɗai ya isa nuna cewa ko dai ba a auna yadda ya kamata ba, ko an auna sakamakon bai isa kunnen masu sha ba. Kowanne daga ciki gazawar hukuma ce, kuma yara ne suka biya.

Shi ya sa nake ganin duk famfon gari da duk burtsatsen da jama'a ke ɗiba, dole a auna ruwansa kafin a buɗe, a sake aunawa aƙalla sau ɗaya a shekara, a duba sinadarai tare da ƙwayoyin cuta, sannan a manna sakamakon a jikin tankin, a karanta shi a rediyo da Hausa. Wannan ya shafi Najeriya kai tsaye. An daɗe da sanin matsalar jan haƙori a Langtang ta jihar Filato da Kaltungo ta jihar Gombe. Ƙa'idar ruwan sha ta ƙasa da aka fitar a 2007 ta ɗauki wannan iyaka ta 1.5, amma a kullum 'yan siyasa da masu neman lada suna haƙa burtsatse a unguwanni, a rubuta sunan mai aikin da manyan baƙaƙe a jikin tanki, ba layi ɗaya a kan abin da ke cikin ruwan. 'Yan garuwa kuma su cika jarkoki daga nan su raba gida-gida.

Za a ce ƙaramar hukumar da ke fama da biyan albashi ina ta ga kuɗin gwaji. Kuɗin auna kwalba ɗaya bai kai ko kusa da kuɗin haƙa rijiyar da sayen injin da ɗora tanki ba. Wanda ya iya ɗaukar nauyin waɗannan zai iya ƙara gwaji cikin kwangilar, kuma jami'o'inmu da hukumomin ruwa na jihohi suna da ɗakunan da za su yi aikin.

Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta masu tsoron kada a firgita jama'a. Suna cewa idan aka sanar ruwan famfo na da illa, mutane za su koma tafki da buɗaɗɗiyar rijiya, inda kwalara ke kashewa cikin kwana ɗaya, alhali fuloraid sai ya ɗau shekaru. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma bai kamata a rufe famfo ba tare da tanadin madadi ba. Amma maganinsa cikakken bayani ne. Ruwa mai yawan fuloraid ba ya hana wanka, wanki, wanke-wanke ko alwala, sha da girki ne abin kiyayewa, kuma ƙananan yara ne suka fi buƙatar kariya. Iyalin da aka faɗa wa haka za su ware tulu ɗaya na sha daga rijiyar da aka tabbatar da lafiyarta, su bar famfon ga sauran ayyuka. Hukuma kuma tana da hanyoyi: a gauraya ruwan da na wata rijiya mai ƙarancin sinadarin, ko a tace shi da gawayin ƙashi kamar yadda ake yi a Kenya da Habasha, ko a bi dabarar alam da farar ƙasa da aka ƙirƙiro a Indiya. Duk waɗannan sai an san adadin da ke cikin ruwan ake iya zaɓar ɗaya. Iyayen Tibiri ba su samu wannan dama ba, kuma ƙafar da ta lanƙwashe tun yaro yana ɗan shekara biyar da ita yake zuwa gona yau, yana magidanci.