A Sauke Fasinjoji Kafin A Ba Injin Jirgi Wuta

Daga cikin masu cika jiragen Hajji da Umara a filin jirgin saman Malam Aminu Kano akwai manoman rani na yankin Kura da Bunkure, masu noma da ruwan madatsar Tiga. Mutum zai yi shekaru yana tara kuɗin shinkafa da tumatir da alkama kafin ya biya kujera. Ran tafiya ya hau jirgi ya ɗaura bel, sai a sanar cewa an samu 'yar matsala, injiniyoyi suna dubawa. Can a ce an gama gyara, za a tayar da inji a gwada, kowa ya zauna inda yake. A ganina, duk gwajin da zai kai ga ba inji wuta sosai bai halatta a yi shi da fasinja a ciki ba, kuma ya kamata Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, ta tsaya kai da fata a kan haka, kada a bar shi ga ganin damar kamfani.

Manomin Kura ya san dalili ba sai an yi masa dogon bayani ba. In bakanike ya gyara masa injin ban-ruwa, a bakin shago ake tayar da shi, a ba shi wuta, a kasa kunne a ji ƙararsa, a duba ko mai na yoyo, a kuma kori yara daga wurin, sannan a ɗora shi a babur zuwa gona. Ana gwaji ne domin ba a tabbatar gyaran ya yi ba. Wanda bai tabbatar da lafiyar inji ba, ta yaya zai zaunar da ɗaruruwan mutane a gefensa, fukafukai cike da mai, ya ce bari mu gani?

An taɓa gani kuwa. Ranar 16 ga Janairun 2006, a filin jirgin El Paso na Amurka, an hangi mai a ƙarƙashin injin dama na wani Boeing 737 na kamfanin Continental mai shirin zuwa Houston. Fasinjoji na ciki aka kira makanikai, suka nemi matuƙi ya tayar da injin, sannan ya ƙara masa wuta har kusan kashi 70 cikin ɗari don a gano inda yake yoyo. Ɗaya daga cikinsu ya matsa kusa da bakin injin, iska ta zuƙe shi, ya mutu nan take. A Nuwamban 2007 kuma, a Tulus ta Faransa, ana gwada injina huɗu na sabon Airbus A340 da za a miƙa wa Etihad, ba a sa wa tayoyi waigi ba. Jirgin ya fi ƙarfin birki, ya zabura ya haye katangar kankare, gabansa ya ragargaje. Ma'aikata kaɗan ne a ciki, wasunsu suka ji munanan raunuka. Da alhazai ne maƙil a cikinsa, da labarin ya sha bamban.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa ai kowace tafiya da fasinja a ciki ake tayar da inji, kuma lokacin tashi ma wuta ake ba shi har ƙarshe. Haka ne, amma wancan inji ne da injiniya ya riga ya sa hannu a takarda cewa lafiyarsa ƙalau, jirgin yana kan titinsa, gabansa fili, babu kowa a kusa. Mai gwaji kuwa bai sa hannu ba tukuna, sau da yawa ma murfin injin a buɗe yake, ga makanikai a ƙasa, ga motocin kaya da na mai suna kai-komo. Na yarda akwai ƙaramin gwaji da ake barin inji yana juyawa a mafi ƙarancin ƙarfinsa na 'yan mintuna. Wannan ana iya haƙuri da shi in matuƙa na kan kujerunsu, ma'aikatan cikin jirgi na tsaye a ƙofofi, an sanar da 'yan kwana-kwana, an kuma faɗa wa fasinjoji gaskiyar abin da ake yi, da Hausa, ba da Turancin da rabin jirgin ba ya ji ba.

Hujja ta biyu ita ce lokaci da wahala: sauke tsofaffi da masu keken guragu cikin zafin Kano, a sake tantance su, a sake lodi, zai ci awa ɗaya ko biyu, jirgi ya rasa lokacin saukarsa a Jidda. Wannan hujjar ce ta fi ba ni tsoro, domin mun san inda ta taɓa kai mu. Ranar 11 ga Yulin 1991, jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda Nigeria Airways ta yi haya, ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato. An san iskar wasu tayoyinsa ta yi ƙasa. Bakanike ya nemi a ƙara, ba a samu iskar da ake buƙata nan kusa ba, jami'in da ke kula da jigilar ya ƙi yarda a jinkirta. Tayoyin suka fashe a kan titi, wuta ta kama, mutum 261 suka rasu, babu wanda ya tsira. Tsoron jinkiri ne ya rinjayi maganar mai gyara a ranar, kuma shi ne dai ke sa a bar fasinja a zaune ana gwajin inji.

Akwai kuma abin da masu lissafin lokaci ke mantawa. Ƙa'idar ƙera manyan jirage ita ce a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofi, amma da mutane masu ƙarfi a jika ake gwada hakan. Jirgin alhazanmu cike yake da dattawa da gyatumai, da yawansu hawansu na farko ke nan, ba su taɓa ganin tabarmar zamiyar gaggawa ba. Sauke su a natse ta matakala kafin gwaji ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ita ke zaɓen kamfanonin jigila duk shekara, tana da ikon sa wannan sharaɗi a cikin yarjejeniya, hukumar alhazai ta Jihar Kano kuma ta sanar da maniyyata a wajen bita cewa haƙƙinsu ne su tambayi wane irin gwaji za a yi, su kuma nemi a sauke su.