Sekula: A Tambayi Mai Faɗinta Wacce Yake Nufi

Da zarar maganar Shari'a ta taso a majalisar samari, a Ajingi ne ko a Gaya, sai wani ya gyara murya ya ce ai Nijeriya ƙasa ce "secular", wato sekula. Daga nan sai a yi tsit, kai ka ce aya aka jawo. Wannan ja-in-ja ba yau aka fara ba. Tun a 1978 wakilai Musulmi suka fice daga majalisar tsara tsarin mulki a kan batun kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ta tarayya.

To wai ina asalin kalmar? Daga Latin ta fito, inda tushenta ke nufin zamani ko duniya. A da can Kiristocin Turai har limaman coci suke kira da ita, waɗanda ke zaune cikin jama'a, don a bambanta su da masu zaman halwa. Sai a 1851 wani Bature ɗan Ingila, George Holyoake, ya ƙera mata sunan aƙida: a tafiyar da rayuwa ba tare da an nemi hukuncin addini ba.

Yau kowace ƙasa da tata fassarar. Faransa ta raba coci da gwamnati a 1905, a 2004 kuma ta hana hijabi a makarantun gwamnati. Indiya ta sa kalmar a tsarin mulkinta a 1976, amma Musulminta na aure da rabon gado bisa dokar addininsu.

Nijeriya fa? Ɗan uwa ya buɗe tsarin mulkin 1999 ya duba sashe na 10. Babu wannan kalma a ciki. Abin da ya hana shi ne gwamnatin tarayya ko ta jiha ta ɗauki wani addini a matsayin addinin hukuma. Shi dai wannan kundi, a sashe na 275, ya yarje wa duk jihar da ke so ta kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a. Ashe alƙalin da ke raba gado a Gaya bai saɓa masa ba.

Saboda haka, 'yan uwa matasa, ba ta da jijiyar wuya ake bukata ba. In an jefo kalmar, a tambaya cikin ladabi: ta Faransa ake nufi ko ta Indiya, kuma a wane sashe take? Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya sa a gane.