Harajin Tura Kuɗi: Amurka Ta Yanki Nata, Mu Ma A Gida Ana Yanka

Yau ba rigimar jam'iyya ce ta kawo ni ba, maganar aljihun iyayenmu ce.

Ranar 4 ga Yuli, 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a wata babbar doka. A cikinta aka ware kusan dala biliyan 75 ga ICE, hukumar da ke kama baƙin haure, har da ɗaukar sabbin jami'ai 10,000 da alawus mai tsoka. A cikin dokar nan dai aka ɗora harajin kashi 1 cikin 100 kan kuɗin da ake turawa ƙasashen waje, daga 1 ga Janairu, 2026. Da kashi 5 aka fara magana, majalisar wakilansu ta sauko 3.5, dattawa suka tsaya a 1.

Ku lura da wanda abin ya faɗa wa. Mai turawa daga asusun banki ko da kati ba ruwansa. Wanda ya ɗauki tsabar kuɗi ya kai kanta shi zai biya. Wato mai wankin mota, mai dako, wanda bai samu buɗe asusu ba.

Ina da ɗan baffa a can. Abin da yake turowa duk wata shi ke biyan hayar gida a Gusau, tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a Tsafe. Mutum goma sha ɗaya ke ci a wannan tukunya.

Wani zai ce, haba, dala 2 a cikin 200 har wani abu ne? To ka haɗa lissafi. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna turo kuɗi Afirka kudu da Sahara ya fi na ko'ina tsada, wajen kashi 8, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin a sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Kuɗin ya iso gida, a cire naira 50 kan duk tiransifa da ta kai 10,000. Mai POS a kasuwar Bungudu ya cire nasa. Me ya rage wa gyatuma?

Wani kuma zai ce namu suna Saudiyya da Libiya, ina ruwanmu da Amurka? In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A 2024 majalisar wakilan Bahrain ta amince da irin wannan haraji na kashi 2, majalisar Shura ce ta taka birki.

Ba mu da ƙuri'a a Washington, amma muna da ita a Abuja. A 2024 'yan Najeriya mazauna waje sun turo fiye da dala biliyan 20. Sakayyarsu? Fasfo mai shafi 32 ya tashi daga naira 50,000 zuwa 100,000 a Satumbar 2025. Ni ban ƙi a kyautata wa jami'an shige da fice ba. Wanda ke gadin iyakarmu da Nijar ta Zurmi ya cancanci albashi mai kyau da kayan aiki. Amma a fito a gaya mana nawa ne daga kuɗin fasfon nan ke isa gare shi.

Don haka ina kira ga sanatan Zamfara ta Tsakiya da wakilan Gusau/Tsafe da Bungudu/Maru, ko na wace jam'iyya ne: ku nemi bayanin kuɗin fasfo a zauren majalisa, ku nemi a ɗauke cajin naira 50 daga kan ƙananan kuɗaɗe, kuma duk ƙudirin da zai taɓa kuɗin da ake turowa gida ku ƙi shi.

Kada wani ya ce ba zai yiwu ba. A Mayun 2024 an sa harajin tsaron intanet na rabin kashi ɗaya, jama'a suka yi ca, gwamnati ta dakatar. Ku tura wannan ga wakilinku, ku tambaye shi matsayinsa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara. Amin.