Ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu, to ina muke kai su?

Da an ta da zancen muhallin tsofaffi sai wani ya yi wuf ya ce ai mu ba Turawa ba ne, ba ma jibge iyayenmu a gidan gajiyayyu. Madalla. Amma ɗan'uwa, ka leƙa bayan layinku ka gani. Tsohon hedimasta, wanda rabin manyan garin suka bi ta hannunsa, yana maƙale a ɗaki ɗaya, gwiwa ta ƙi, ga masai na tsuguno da ake bin layi, ga rijiya sai da guga, kuma duk shekara mai gida na aiko yaro da saƙon ƙarin kuɗin haya. Al'adar da muke tinƙaho da ita ke nan?

Wai 'ya'yansa su riƙe shi. Waɗanne 'ya'ya? Wanda albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, shi ma a haya yake da mata da yara?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne an karɓi kuɗin. Tun 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ana zaftare kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci wai don ya mallaki gida. Mutum ya yi shekara 35 yana bauta, a miƙa masa takardar ritaya, in a gidan gwamnati yake a ce ya kwashe komatsansa. Daga nan sai zarya. Yau tantancewa, gobe fayil ya ɓata, giratuti kuwa sai wanda ya yi tsawon rai.

Su gwamnoni fa? A 2007 Legas ta yi dokar ba tsohon gwamna gida a Legas da wani a Abuja. A Zamfara sai da tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta wasiƙa a 2019 yana neman naira miliyan 10 ɗinsa na wata-wata kafin majalisa ta ji kunya ta soke dokar da ta ba shi kuɗin. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ba fada tsohon hedimastan nan yake nema ba. Ɗaki biyu a ƙasa, ba hawa bene, da famfo a tsakar gida, kusa da masallaci da asibiti, makullin a aljihunsa, ya karɓi jikokinsa ba tare da ya zama kaya a wuyan suruka ba. Gwamnonin da ke rige-rigen gina gadar sama, wannan ne ya gagare su? Haba!