Kafin ka ce gunki

Makon da ya wuce, a darasin nazarin alamomi, malaminmu ya haska mana wani hoto a bango: ƙirjin mace da nonuwa da ƙaton ciki, an sassaƙa da itace, ba kai ba ƙafafu. Aji ya ɗauki dariya. Wani daga baya ya ce, "Gunki ne, malam, a wuce." Da aka ce namiji ne ke ɗaura shi ya yi rawa, wani ya ƙara da cewa, "Ashe ma ɗan daudu ne." Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba. Daga baya ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki bik.

Abin na Makonde ne, mutanen da kogin Ruvuma ya raba biyu: wasu a tudun Mueda, arewacin Mozambik, wasu a kudu maso gabashin Tanzaniya. Ana rarake itacen ta baya, a ɗaura wa saurayi a ƙirji, ya rufe shi har mara. A kan cikin akwai zane irin tsagar da matansu suke yi a jiki a da. Yana fitowa ne a bikin dawowar yaran da aka killace don koya musu zaman manya, ya yi tafiyar mai juna biyu, ya kwaikwayi naƙuda a gaban jama'a. Makonde ta wajen uwa suke ƙirga dangi. A labarinsu na asali ma, wani mutum ne ya sassaƙa itace, cikin dare itacen ya zama mace, ita ce uwarsu ta farko. To, mutanen da suka sa namiji ya ɗauki nauyin ciki a bainar jama'a don samari su san abin da uwa ta sha, su ne muka yi wa dariya.

Ƴan'uwa ɗalibai, mu da muke karatun harshe ya kamata mu fi kowa tsoron suna. Idan ka ce gunki, ka gama shari'a tun ba ka ji ƙara ba. Gunki abin da ake kafewa a yi wa sujada ne. Wannan sa shi ake yi, a yi gumi a cikinsa, a cire. Na sani akwai imani da ruhohin kakanni a tattare da rawar, kuma ban ce kowa ya karɓa ba. Sanin abu daban, bauta masa daban. Amma wanda ya ƙi sani don kada imaninsa ya girgiza, to shi ya san irin imanin da yake da shi.

Turawa ma ba su tsira ba. Faransanci ya ce masque, mu kuma mu fassara da "abin rufe fuska". Wace fuska? Ciki ne fa! Sunan bai dace ba, amma shi ya ba da damar a zare abin daga jikin mai rawa, a raba shi da ganga da waƙa, a jingine shi cikin gilashi da ƴar takarda a ƙasa. Makonde suna da nasu kalmomin. Wanda ake kifawa a ka sunansa lipiko, jam'insa mapiko, kuma da sunan ake kiran rawar kanta. Ka ga a harshensu itacen da rawar ba su rabu ba. Mu nawa ne a ajin muka tambayi wannan kafin mu buɗe baki?

Wani zai ce ina ruwanmu da Mozambik. Ga abin da ke faruwa. A 1984 aka sace wani lipiko daga gidan tarihin ƙasa na Dar es Salam, ya ɓulla a gidan tarihin Barbier-Mueller na Jeneba, bai koma hannun Tanzaniya ba sai 2010. Shekara 26 kenan. Itace yana iya hawa jirgi ya koma gida. Rawa fa? Tun 2017 yaƙi ke cin lardin Cabo Delgado, inda Mueda take, mutane sun watse daga ƙauyukansu. A 2023 UNESCO ta sa rawar mapiko cikin jerin al'adun da ke bukatar ceton gaggawa. Idan masu kiɗan da masu sassaƙar suka ƙare, abin da zai rage shi ne itacen cikin gilashi da sunan da baƙo ya laƙa masa.

Kullum muna kuka a taro cewa Turawa sun raina mu, sun kira harsunanmu dialectes. Wallahi abin da muka yi ranar nan bai bambanta ba. Mun ga abin ɗan Afirka ɗan'uwanmu, ba mu san sunansa ba, muka ba shi mafi muni cikin namu.

Ranar Litinin akwai darasin kuma. Ni dai zan ɗaga hannu in roƙi malam ya sake haska hoton.