Megatron, Mai Faɗa da Jiya

Da dare, bayan an ci tuwo, yaran Dogo-Dogo sukan taru a kan wayar salula guda. Suna kallon fim na zane mai motsi, inda mutanen ƙarfe suke rikiɗa su zama mota ko dabba. Da safe, a filin makaranta, sai su kwaikwayi abin da suka gani. Kowa mugun yake so ya zama, domin shi ne mai babbar murya da babbar bindiga. Saboda haka wasu iyaye suna cewa a hana kallon nan ɗungum. Amma hani ba shi ne magani ba. Gara a zauna da yaro a tambaye shi: mugun nan, mi ya samu a ƙarshe?

Ga labarin ɗaya daga cikin miyagun. Sunansa Megatron. Yana cikin fim ɗin Beast Wars, wanda ake kira Animutants da Faransanci. Kamfanin Mainframe na ƙasar Kanada ya zana shi da na'ura mai ƙwaƙwalwa. An nuna shi daga 1996 zuwa 1999, kashi 52.

A cikin labarin akwai wata duniya mai suna Cybertron. Mazaunanta duk mutanen ƙarfe ne, kuma ƙabila biyu ne: Maximal da Predacon. Kakanninsu sun yi dogon yaƙi. Kakannin Predacon suka sha kashi, jikokinsu suka zauna a ƙarƙashin mulkin Maximal. Megatron ɗan Predacon ne. Wannan tsohon kaye ya tsaya masa a rai, ba ya ci ba ya sha sai da shi.

Wata rana ya saci wani faifai na zinariya. Faifan nan yana da asali na gaskiya: a 1977 Amurka ta harba kumbo biyu masu suna Voyager, kowane ɗauke da faifai mai gaisuwa cikin harsuna 55. A cikin fim, faifan ya nuna wa Megatron hanya. Ya shiga jirgi, ya koma baya cikin zamani, ya sauka a duniyarmu shekara miliyan 4 da suka wuce. Nufinsa ya kashe Optimus Prime, jarumin da ya jagoranci kakannin Maximal, yana kwance a sume cikin wani jirgi da ya faɗo a kan dutse. In ya kashe shi, tarihi ya juya, wanda aka kayar ya zama mai nasara.

Wani zai ce: ai Megatron yana da hujja, an raina danginsa. Gaskiya ne, raini da ciwo. Amma a duba hanyar da ya bi. Ya tasam ma kwarin da mutanen farko suke zaune, yana so ya ƙone su tun ba su yaɗu ba, alhali ba su yi masa kome ba. Wanda ya tare shi kuwa ɗan ƙabilarsa ne, Dinobot. Shi ma ya gaji kayen nan, amma bai yarda a biya bashin kakanni da jinin marar laifi ba. Ya yi faɗa shi kaɗai, ya fasa faifan, ya rasa ransa. Ciwonsu ɗaya, zaɓinsu dabam.

To mi Megatron ya samu? Ya harbi Optimus Prime, amma aka gyara shi. Aka kama Megatron, aka ɗaure shi a bayan jirgi kamar buhun gero a kan amalanke. A ci gaban labarin, Beast Machines, na 1999 zuwa 2000, ya kuɓuce ya ci Cybertron duka. Ya zare rayukan jama'a, ya bar injuna marasa tunani suna bin umurninsa. Ga sarauta, ba talakawa. Ko jikinsa ma ya tsana, domin akwai siffar dabba a cikinsa, kullum yana neman ya raba kansa da ita. Haka ya yi ta shan azaba har ya hallaka. Bai taɓa kwana da kwanciyar rai ba.

Shi ya sa Megatron abin tausayi ne, ba abin koyi ba. Ba Maximal ne suka azabtar da shi ba. Jiya ce ta azabtar da shi, domin ya ƙi sakinta. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce. Mai tafiya yana waiwayen ƙeyarsa kuwa, rami zai faɗa.

Manoman ƙasar Damagaram sun fi Megatron dabara. A 1984 an yi fari mai tsanani, ga iyakar Najeriya a rufe. Dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe, gonaki suka zama fili, iska tana kwashe ƙasa. Babu jirgin da zai mai da manomi shekarun da aka sare itatuwa. Sai manoman Magariya da Matamaye da Mirriya suka dubi abin da ke gabansu. In sun zo sassabe, sai su bar tohon gawo, su rage masa rassa, su kiyaye shi. Gawo yakan zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana. Da rani ya ba da inuwa, ƴaƴansa su ciyar da awaki. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa kamar miliyan 200 a ƙasar Nijar. Ba a canza 1984 ba, amma an canza abin da ya biyo bayanta.

Haka yake ga ɗan makaranta. Wanda ya faɗi jarrabawa ba zai iya komawa bara ba. Yana iya fushi da malam, ya yaga littafin wanda ya fi shi. Wannan hanyar Megatron ce. Yana kuma iya ɗaukar allonsa ya sake zama, ya tambayi abin da bai gane ba. Wannan hanyar mai gawo ce.

Saboda haka kada a ƙwace wayar kawai. Kaka ba ta ɓoye wa jikoki labarin Gizo don yana da ha'inci. Takan ba da shi har ƙarshe, su ga yadda Gizo ya ji kunya. A bar yaro ya ga Megatron har ƙarshensa, sa'an nan a tambaye shi ko har yanzu yana so ya zama shi.

Tambayoyi

1. Mi ya sa Megatron ya koma baya cikin zamani?
2. Ina bambancin Megatron da Dinobot?
3. Mi ake nufi da da na sani ƙeya ce?
4. Wane amfani gawo yake yi a gona?