Sojan da ya dawo da ƙafa ɗaya, wa ke da shi?

'Yan'uwa, kun tuna Inates, ran 10 ga Disamba 2019, inda aka kashe mana sojoji 71. Kun tuna Shinagodar, wata ɗaya bayan haka, sojoji 89. An yi makoki, an sassauto tuta. Allah ya jiƙansu. To waɗanda suka rayu fa? Yaron da nakiya ta cire wa ƙafa a hanyar Diffa ko Tillaberi, an sallame shi daga asibiti, ya koma ɗakin tsohuwarsa yana kallon bango. Masu mulki ba su cika zancensa ba, tunda babu jawabin da za a karanta a kansa.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce, kuma an san maganinta. A 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, wani likita mai suna Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin ƙashin baya a asibitin Stoke Mandeville a Ingila. A wancan zamani yawancin irin waɗannan majiyyata ba sa daɗewa, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara ke kashe su. Shi sai ya tayar da su daga gado, ya ɗora su bisa keke, ya ba su baka da kibiya. Harbin baka na ƙarfafa kafaɗa da baya, mutum ya iya ɗaga kansa da kansa. Ran 29 ga Yuli 1948 mutum 16 suka yi gasa a filin asibitin. Zuwa 1960 abin ya kai birnin Rum da 'yan wasa wajen 400 daga ƙasashe 23, shi ne mafarin gasar Paralimfik.

Kada wani ya ce mana wannan sai Turawa. A Saliyo, bayan yaƙin basasar da aka riƙa sare wa mutane gaɓoɓi, samarin suka kafa ƙwallon ƙafa na masu sanda: mutum bakwai-bakwai, 'yan cikin fili ƙafa ɗaya, mai tsaron gida hannu ɗaya. A 2007 Fritawun ta karɓi gasar Afirka ta farko. Nan kusa ma, duk mai shiga Kano ya ga waɗanda shan inna ya taɓa suna buga ƙwallo da hannu bisa katako mai taya.

Kuɗinsa kuwa ba abin tsoro ba ne. Ƙwallon raga na zaune fili ne na mita 10 da mita 6, da raga mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai. Bai kai kuɗin man ayarin minista guda ba. Kuma filin da aka yi domin soja ba ya tashi: gurgun unguwa zai shiga, da manomin da ya taka nakiya, da ɗan kabu-kabun da ya yi hatsari. Maƙerin gari ya samu gyaran kekuna da sanduna. Sojan da aka horar da tsari da biyayya shi zai zama mai horar da su, da albashinsa.

Ƙasar da ke cika filin kokowa kowace shekara domin takobi ba za ta rasa 'yan kallo ba. Don haka duk ɗan takarar da ya zo Konni, Ɗan Isa ko Magarya neman ƙuri'arku, ku tsayar da shi ku tambaye shi: fili nawa, a wane gari, kuma a kasafin wace shekara?